Awara a Ƙofar Gidan Yari

Zuwa ga 'yata Hye-rim,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, karatu kuma bai ramar da ke ba. Allah ya ƙara miki lafiya, ya nuna mana ranar da za a miƙa miki digirinki na biyu. Mu nan lafiya lau muke, in ban da gwiwata da ta rantse sai ta ga bayana. Mun gama haɗa kimchi, jiƙaƙƙen kabejinmu mai barkono na ajiyar hunturu, kabeji arba'in kacal bana. Ina yanka ina tuna lokacin da ƙanwata mahaifiyarki take raye, muna yin ɗari biyu ni da ita, ke kuma kina satar ganye, baki jawur da barkono, kina rantsuwa ba ke ba ce.

Kin ce in ba ki labarin shagon Kaka saboda binciken da kike rubutawa a kan ranar farko ta wanda ya fito daga ɗauri. Shagon dai kin san shi, ga shi ga ƙofar gidan yari. A wancan zamani da sassafe ake sakin mutane. Dangi sukan sayi farar awara da ɗuminta su tsaya jira, mutum yana fitowa sai ya gatsa tun kafin ya gaisa da kowa, don kada ƙafarsa ta sake taka wurin. Kullum Kaka takan ware biyu ko uku, ta ce na waɗanda ba a zo tarbarsu ba ne. In na ɓata rai sai ta ce ni dai da rowa aka haife ni, in ɗauka in kai kafin ta huce. Har yau in na ji ƙamshin waken suya a kan wuta sai kewarta ta kama ni.

Wata safiya aka saki wani saurayi siriri, kai a aske, da rigar bazara a cikin wannan sanyi namu. Ya duba dama ya duba hagu, babu nasa. Mahaifiyarki aka aika ta kai masa awara. Ya ƙi karɓa, wai shi ba bara ya fito ba. Ita kuwa, kin san bakinta, ta ce masa ya ci ya rufa mata asiri, in ta koma da ita tsohuwar can za ta cinye ta ɗanya, kuma girman kai bai dace da mai wannan askin ba. Ya yi dariya, ya gatsa, sai hawaye. Washegari ya dawo, wai ya lura dutsen niƙanmu ya fi ƙarfin mata. Shekara talatin da huɗu ke nan bai bar shagon ba.

Hye-rim, mahaifinki ne. Yana ɗan shekara ashirin da biyu ya yi faɗa a tashar jirgin ruwa, wani mutum ya rasa ido, shi kuma ya yi shekara uku a ɗaure. Sau da yawa ya so ya gaya miki, ni da mahaifiyarki muka hana shi. Laifin ɓoyewar namu ne.

Ga abin da ya sa na buɗe baki yau. Kin cike masa takardar neman izinin shiga Amurka don ya zo bikin karɓar digirinki, kin ce sa hannu kawai ya rage. Inda aka tambaya ko an taɓa ɗaure shi, kin amsa a'a, kuma me zai sa ki yi tunanin tambaya? Ya kawo mini ita. Ya ce mini: Yaya, yarinya tana karatun shari'a da tsaron ƙasa, ni kuma in sa hannu a kan ƙarya a takardar da ta cike da kanta? In aka gano fa, ita za ta kwana a ciki. Shi ya sa kwana goma sha biyu bai ɗaga wayarki ba. Lafiyarsa ƙalau, tsoro ne.

Ki gyara amsar. Mai yiwuwa su hana shi shiga, ya sani, ya ce hoto ma ya ishe shi. Abin da ya tambaye ni har sau biyu shi ne, ko bayan kin karanta wannan za ki ci gaba da ce masa Baba. Na ce masa kada ya raina mini 'ya, amma amsar ba a bakina take ba.

Yayanki Dong-uk da matarsa suna gaishe ki, jaririyarsu ta fara haƙori. Ki gaida kawunki Man-ho da iyalinsa in kin leƙa su. Na tambayi mahaifinki saƙonsa, ya ce ba ya jin yana da ikon gaishe ki sai ya ji muryarki.

Innarki da ta goya ki,
Gyeong-ran