Ranar Haihuwar Halima

Laraba da dare, unguwar Hor Al Anz, ƙasar waje

Barci ya ƙi zuwa. Ɗazu ina tsakiyar loda kwantena Malam Yakubu ya kira, malamin makarantar makiyaya ta rugarmu. Ya sa sunan 'yata Halima cikin masu jarrabawar shiga sakandare, amma fom ɗin sai da ranar haihuwa, kuma gobe da azahar za a rufe.

Na ce, "Malam, da damina aka haife ta, shekarar da muka tsallake Binuwai da shanu."

Ya ce, "Kwamfuta ba ta san Binuwai ba. Rana da wata nake so, irin na katin rigakafinta."

Na kira Inna. Wai daren da jar saniya ta haihu ne, kuma mene ne na tayar da hankali, yarinya ai ta iya tatsa. Har na ɗaga mata murya, Allah Ya yafe mini.

Sau biyu ina zazzage akwatina a hankali, kada in tashi abokan ɗaki. Kati na samu, a naɗe cikin leda, ko lanƙwasa babu. Na allurar shanu ne.