Lahadi a Ɗakin Guga

Inna,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar taki? Ya Baba da ƙannena?

Ni lafiya lau, sai dai tsayuwa. Zannuwan gadon otal ɗin nan ba sa ƙarewa, har Lahadi guga muke yi. Wata uku rabona da sujada. Jiya hawaye suka zubo mini, sai abokiyar aikina ta ce, "Ke da ba kya rabuwa da waƙa?" Na share ido, na kama waƙar yabon da kike yi in kina shara. Bayana bai daina ciwo ba, amma Ubangiji ya sanyaya mini zuciya, har na yi dariya.

Baitin ƙarshe ya ɓace mini, Inna. Ki sa a rubuto mini shi.

'Yarki ta fari