Kazar Kasuwa da Kajin Inna

Bungudu

Zuwa ga Yaya Hussaina,

Assalamu alaikum. Ki yafe mini ɗawainiyar karanta wannan, bakina ne ba zai iya faɗa a waya ba. Ya Malam Sahabi, ya yara?

Kaji biyu na sayo a kasuwar Gusau, na kawo miki ɗaya ranar suna, ɗaya na sake ta cikin nawa. Yau kwana huɗu tawa take gyangyaɗi, kashinta kore, wuya a murɗe. Huɗu cikin nawa sun mutu. Tsorona kajin marigayiya Inna da ke hannunki, don ba su da sauran iri ko'ina. Don Allah ki ware wadda na kawo. Idan wani abu ya same su, ni na kawo shi da hannuna.

Ƙanwarki,
Hanatu

Tsafe

Hanatu sarkin ban haƙuri,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Ke ko tuntuɓe mutum ya yi a Bilbis sai kin ce laifinki ne!

Bari in tona kaina. Kina fita na ɗaure ƙafar kazarki a gindin rumbu, da kaskon ruwanta daban, yadda Inna take wa baƙuwar kaza har mako biyu. Na ɓoye miki, kada ki ce na zargi kyautarki. Sai Malam ya gani, ya ce, "Haba Hussaina, kyautar 'yar'uwa ce za a ɗaure kamar ɓarawo? In ta dawo ta gani fa?" Rana ta biyar ya kwance ta. Yanzu ko ido ba ya iya haɗawa da ni, shi ya je da kansa ya ɗauko likitan dabbobi, aka ɗiga wa masu lafiya magani a ido.

Taki ta mutu. Cikin na Inna, tsohuwar nan mai wake-wake ce kawai ta kwanta, na kai ta zaure. Sauran garau. Ki daina kuka, na san kina yi. Jar kazar Inna tana saka, zan aiko miki ƙwai.

Yayarki,
Hussaina

Bungudu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki ce wa Malam kada ya ji nauyi, mutuncina ya duba. Allah ya saka masa.

Nawa sun ƙare jiya, ƙaddarar Allah. Na binne su, na ƙona shimfiɗar akurki, na baɗe shi da toka. Kada ki aiko ƙwai tukuna, ba mai kwanci, kuma gidan bai huce ba. Da safe na fito da ƙwaryar dusa ina kira, sai da na kai tsakar gida na tuna.

Tsohuwar nan ba ta cin tsaba, Inna tsaki take jiƙa mata da ruwan ɗumi. Ki gwada. In ta ci ko ba ta ci ba, don Allah ki ba direban da ya kawo wannan takarda amsa, kada ki bari sai gobe.

Ƙanwarki,
Hanatu