Shekara Shida Ina Tsare Raga Da Sunan Wani

Zuwa ga Mudir, shugaban ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa, Rusaifa, Makka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, na rubuto ne a fili domin sau huɗu ina zuwa ofishinka ana cewa ba ka nan, alhali motarka na ƙofa.

Ni ne Haruna, golanku. A unguwar Jarwal, nan Makka, aka haife ni. Iyayena sun zo Hajji daga Kano suka zauna, don haka ba ni da igama, wato takardar izinin zama. Ka san wannan tun ranar da ka ɗauke ni.

Na ɗaya. Ka ba ni katin wani yaro da ya daina wasa, ka ce in riƙa amsa sunansa na ɗan lokaci, za ka gyara mini takardu da zarar mun haura rukuni na gaba. Shekara shida ke nan. Fenariti biyun da na kama har muka haura bara, da sunansa aka rubuta su.

Na biyu. Da mahaifiyata za ta koma gida ta nemi in bi ta. Na faɗa maka, ka ce in yi haƙuri, abin ya zo ƙarshe. Na zauna. A Kano ta rasu, a waya na ji.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Direban motarmu ya shaida mini cewa mutanen wata babbar ƙungiya daga Jidda sun zo bayan wasan ƙarshe suna tambayar gola. Kai da bakinka ka ce musu an kama ni an yi mini tarhil, wato an fitar da ni daga ƙasar. Yallaɓai, a ranar ina Arfa ina wanke tukwanen alhazai, ina jiran kiranka. Na gane tsoron tonuwar zancen katin ne ya sa ka. Amma da ni ka rufe shi.

Shekaruna talatin yanzu, gwiwata ta fara ciwo, na san Jidda ta wuce ni. Abu biyu nake roƙo. Ka ba ni hotunan wasannina, 'yata ta ga fuskar ubanta a raga. Sannan ka tara 'yan wasa ukun da ke amsa sunayen wasu a ƙungiyar, ka faɗa musu gaskiya tun iyayensu na raye.

Allah Ya ba ka lafiya da tsawon rai, Ya sa ka gyara tun a nan.

Wassalam.

Haruna Gola,
Rusaifa.