Gaisuwar Inna da ta ƙi gyaruwa

Alhamis, 9 ga Sha'aban, bayan Isha'i

Matata Hauwa ta sauka lafiya, mun samu ɗiya. Ina kasuwar Lolo, bakin iyakar Benin, labarin ya same ni. Nan take na rubuta sanarwa a zauren 'yan garinmu na intanet, na rufe yadda na saba: "Inna na gaishe ku." Inna da muka binne bara da damina.

Sai da na hau babur na tuna. Minti goma sha biyar zauren ke bayarwa a gyara rubutu, wayata kuma ta kama layin Benin, ta ƙi buɗe komai. Kafin namu ya dawo, lokaci ya ƙure. Haushi ya cika ni. Wa ya yanke wa mantuwa minti goma sha biyar?

Gogewa kawai ta rage, na kasa, don mutane sun jera amsoshi a ƙasa. Goggo ta Bahindi ta turo murya: "Muna amsawa, ɗana. Kak ka taɓa shi. Ba sunanta za a sa ma ɗiyar ba?"

Yanzu ina gida, jaririyar na barci. Na lumshe ido, ga Inna bakin kogi tana wanke shinkafa, ta waiwayo tana tambayar su wa suka amsa. Na karanta mata sunayensu, ɗaya bayan ɗaya.