Ni na kashe inji a gangara, makanikina ya ɗauki laifin

Sannunku da aiki, masu wannan shafi da masu karantawa. A ɓoye sunana. Ban yi boko ba, a ajin manya na coci na koyi karatu, ku yi haƙuri da rubutuna. Wanda zai zage ni ya bari ya kai ƙarshe tukuna.

Ni direba ne, na fi shekara ashirin ina jigila tsakanin Kafanchan da Jos. Na ga rikici, an taɓa ƙone mini ɗaki, ban yi kuka ba. Wannan ne ya hana ni cin abinci.

Motata tsohuwa ce, ta girmi ɗana na fari. Da can lita goma sha biyu takan kai ni Jos, sai ta koma shan sha shida, ga mai ya yi tsada. Na kai ta wurin makanikina, wani dattijo Musulmi da ya san ni tun ban iya riƙe sitiyari ba. Zan kira shi Baba. Ya wanke kafireto, ya canja fulogi, ya gyara birkin baya. Ya ce, "Ka riƙa duba iskar taya, ka rage lodi, ka daina taka totur kamar kana kashe kunama. Za ta rage sha, amma kaɗan. Tsohuwa ce, ba zan iya mayar maka da ita budurwa ba." Na ce, "Baba, kaɗan ba zai ciyar da gida ba." Ya ce, "To, ko me za ka yi, kada ka kashe inji a gangara yadda abokanka suke yi. Birkin motar nan da numfashin inji yake aiki."

Ban ji ba. In na baro Jos na iso doguwar gangarar nan, sai in sa giya a firi, in murza makulli, mota ta riƙa sulalawa shiru ba ta shan ko ɗigo. Mako uku ina haka, har ina wa Baba dariya a zuciyata. Wata Talata da rana, ga buhunan dankali a baya, ga fasinja cike, na sha kwana sai ga tifa ta tsaya a kan hanya. Na taka birki sau ɗaya, sau biyu, na uku ya yi tauri kamar dutse. Na kauce muka faɗa rami. Ba wanda ya mutu, amma wata mama mai sayar da kabeji ta karye a cinya, har yau ba ta taka ƙasa ba.

'Ya'yanta suka tare ni a asibiti, idanunsu jawur. Suka ce me ya faru? Sai na ji bakina yana cewa, "Birki ne ya tsinke, kuma kwanan nan Baba ya taɓa shi." Wa ya sa ni? Ba kowa. Tsoro ne.

Wata biyu ke nan. Direbobi sun daina kai masa aiki. Kun kuma san garinmu, magana ba ta tsayawa a kan birki, har an fara cewa da gangan ya yi don addininmu ba ɗaya ba. Ranar Asabar ƙungiyarmu ta direbobi za ta zauna don a tashe shi daga filin da yake aiki a gefen tasha tun gashinsa baƙi.

Makon jiya na je wurinsa. Yana zaune a benci, ba mota ko ɗaya a gabansa. Ya ciro makullina daga aljihu ya miƙo mini. Ashe shi ya je ya jawo motar daga ramin. Ya ce, "Makullin a kashe na same shi, giya a firi. Da muka tada inji, birki ya kama." Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa?" Ya ce, "Da na faɗa ranar nan, yaran matar ba za su bar ka da rai ba. Ni tsoho ne, zagi kawai suka yi mini. Yanzu sun huce. Maganar a bakinka take, ɗana, ba a nawa ba." Sannan ya tambaye ni ko na ci abinci.

Ranar Lahadi a coci aka kawo jibin Ubangiji, gurasar tarayya mai tsarki, na bar faranti ya wuce ni. Matata ta dube ni. Da wane hannu zan ɗauka?

In na tashi ranar Asabar na faɗi gaskiya, ƙungiya za ta cire ni daga layin lodi, wataƙila a kai ni wurin 'yan sanda, ga yara huɗu a gida, ban iya komai ba sai tuƙi. In na yi shiru, za su kwashe wa Baba kayan aikinsa, na kuma san ba zai buɗe baki ba. Zai zauna yana kallona ne kawai.

Yau Laraba. Me zan yi?