Saƙon da mijina ya bar wa 'yarmu yana cikin wayata

Assalamu alaikum, jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don na riga ku yanke wa kaina.

A unguwar Soundview muke zaune, a nan Amurka. Mijina ya rasu wata biyar ke nan, Allah ya jiƙansa. Sama da shekara ashirin yana da tebur a Canal Street, yana sayar wa baƙi huluna da ƙananan tutocin Amurka. Ya yarda da ƙasar nan har zuciyarsa. Kullum cewa yake babu irinta a duniya, a kan adalci aka kafa ta.

'Yarmu ta fari tana karatun tarihi a kwaleji. Wata rana muna cin tuwo ya fara yabon da ya saba, sai ta ce, "Baba, an ƙwace ƙasar nan ne daga masu ita, bayi suka gina ta. Duk 'yancin da kake gani, sai da wasu suka sha duka kafin a ba su." Ya ajiye loma ya ce, "Ki ci abincin ƙasa ki zage ta?" Ta ce, "Kusa da teburinka akwai maƙabartar bayi 'yan Afirka, gine-gine aka ɗora a kansu. Ka je ka gani." Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su.

Ashe ya je, shi kaɗai. Ya dawo ya daɗe zaune bai cire takalmi ba. Ya ce mini, "Hajiya, shekarun nan ina kaɗa tuta a kan 'yan'uwana, ko addu'a ban taɓa yi musu ba." Kun san kunyar ɗan fari, ba zai iya faɗa mata ido da ido ba. Sai ya karɓi wayata ya yi magana a ciki, ya ce in tura mata. A ciki ya ce ta yi gaskiya, ta ci gaba da karatunta, Allah ya yi mata albarka.

Ban tura ba. Me ya hana ni? Saboda ƙasar nan na bar mahaifiyata, ko jana'izarta ban samu ba. In yarinyar nan ce da gaskiya, to saboda me na bar mahaifiyar tawa? Na ce bari sai na huce. Sati uku bayan haka zuciyarsa ta buga.

Abin da ya fi ba ni ƙyamar kaina, ranar sadakar uku, a gaban mata, na dubi 'yar tawa na ce, "Kin huta, ya tafi da baƙin cikinki." Ni da saƙon yake cikin jakata! Wace irin uwa ce ke yin haka?

Yanzu ta zuba littattafanta a baƙar leda ta ajiye bakin ƙofa, ta ce Litinin za ta je ta janye daga makaranta. Jiya ta tambaye ni da 'yar Hausarta, "Mama, Baba ya yafe ni?" Na ce mata shinkafa na ƙonewa.

In na kunna mata, za ta ga ranar da aka yi saƙon, ta san kusan wata shida na bar ta tana kuka. In na yi shiru, na binne muryar ubanta na ɗora gini a kai, kamar yadda aka yi wa waɗancan bayin.

Yau Juma'a. Me zan yi?